Katakon 'Yan Aji Shida

Litinin, 22 ga Afrilu

An koma makaranta. Na raba wa 'yan aji shida takardun gwajin da na duba cikin hutun Sallah. Su arba'in da huɗu, goma sha ɗaya kacal suka haye. Kuma wata ɗaya da 'yan kwanaki ya rage su zauna jarrabawar fita.

Wasiƙa na ce su rubuta, ta neman gurbin karatu, su faɗi sharuɗɗan da ake buƙata da waɗanda suka cika. Shekara uku ina faɗa har muryata ta dishe: requirement for admission, required to submit, in need of. Sai ga wani ya rubuto min "to" a gurbin "for", wata ta cusa "with". Shehu kuwa, ƙaton nan na bencin baya, ɗan Malam Sule mai dako a Kurmi, bai sa ko ɗaya ba, ya jera kalmomin kawai kamar buhuna a sito. Ƙananan kalmomin nan su ke kayar mana da yara, kuma in ba kiredit a Turanci ba jami'a, ko da mutum ya cinye lissafi da kimiyya tas. Ƙanina Isyaku sau huɗu ya zauna. Yana nan bakin Jakara yana gyaran fanka.

Da Hausa suke tunani, shi ne ciwon. Don haka na dawo da katako, irin wanda aka yi mana muna 'yan mata. Guntun katako ne da igiya, kafinta ya yanko min. Wanda aka ji ya yi Hausa a rataya masa a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana Hausa, a gaban sheda ɗaya. Wanda ƙararrawar tashi ta kaɗa yana wuyansa, dorina goma sha biyu a tafin hannu. Na ce musu wanda yake son fatarsa kar ya yarda ya tashi da shi.

Firinsifal, Malam Auwalu, ya ce Malama Dije ki yi duk abin da zai fitar da mu kunya. To.

Laraba, 24 ga Afrilu

Shehu, kwana uku a jere. Yau a bugu na tara dorinar ta fasa masa tafi, jini ya ɗigo a siminti. Ban tsaya ba, na ce ya miƙo ɗayan. Ko ƙwalla bai yi ba, ido kawai ya zuba min. Ya yi ta kallo, ni ba kallon da ban sha ba.

Sadiƙ kaɗai ya faranta min rai. Ɗan ƙaramin nan mai tabarau, ɗan gidan Larabawan nan na kusa da Kurmi. Wasiƙarsa fes, ba gyara ko ɗaya. Harhaɗa magunguna yake so ya karanta. In yaron nan bai samu A a Turanci ba, a canza min suna. Shi ne abin da zan nuna a bana.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ajin tsit. Mai son aron biro sai dai ya yi nuni da hannu. Haka nake so.

Talata, 30 ga Afrilu

Yau katakon a wuyan Maryam ya tashi, abin ya ba ni mamaki, yarinyar da ko da Hausar ma ba ta cika magana ba. Tana kuka tana ce min, da Turancinta mai gargada, wai soka mata tsinin kamfas aka yi a cinya ta ƙasan benci, ta ce wayyo Allah, shi ke nan aka rataya mata. Na ga jinin a siket ɗinta, ɗigo biyu. Na ce wayyo dai Hausa ce ko ba Hausa ba ce? Ta miƙo hannu. Na ba ta goma sha biyunta.

Da na dawo gida abin ya ɗan tsaya min a rai. Amma in na fara karɓar uzuri, gobe kowa da nasa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Sun gano hanya, shegun yara. Mai katako ba ya jira wani ya yi subul da baka, sa shi yake ya yi. Mintsini, taka ɗan yatsan ƙafa, allura a kan benci. Jiya an ɗiga wa wani narkakkiyar leda a wuya a bayan banɗaki. Yau lokacin hutun tara wasu yara biyu sun dambace a bakin famfo, ɗaya ya tashi da fasasshen leɓe, kuma wai duk dambacewar nan ba wanda ya ce uffan, kowa ya dantse bakinsa. Malamin lissafi ne ya ba ni labari yana dariya, ya ce bai taɓa ganin dambe na kurame ba sai a ajina.

Na yi dariya ni ma. Allah ya gani na yi.

Gwajin yau sha tara suka haye. Daga sha ɗaya. Wa zai ce min abin ba ya aiki?

Litinin, 6 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Ina ofishin malamai, saura minti goma a tashi, Maryam ta faɗo ba sallama, da Hausa take magana ko a jikinta, ta ce Malama ki zo Sadiƙ ya faɗi. Na tarar da shi a ƙasa tsakanin bencina, tabarau can gefe, leɓensa na ƙasa ya huje da haƙoransa. Hannun dama kuwa, inna lillahi. Yatsu uku sun juya inda yatsa ba ya juyawa, na tsakiyan ƙashi ya leƙo.

Abin da yaran suka faɗa min ke nan. Katakon yana wuyan Shehu tun safe, ya bi kowa bai samu ba, kowa ya iya dantse baki yanzu. Sadiƙ ya sa hannu cikin lokarsa zai ɗauko littafi, Shehu ya maka masa murfin, mai bakin ƙarfen nan, ya hau kai ya danne da gwiwa. Yana ce masa, a hankali, ka ce wayyo kawai in ɗaga. Sadiƙ bai ce ba. Shehu ya ɗaga ya sake makawa. Sau uku. Yara arba'in suna kallo, ba wanda ya yi ihu, kowa yana tsoron abin da zai fito daga bakinsa. Sai da yaron ya sulale.

A adaidaita muka kai shi asibitin ƙashi, ni da Malam Auwalu. Jininsa har yanzu yana gefen mayafina, na jiƙa shi a bokiti.

Saura kwana ashirin da uku a yi Turanci. Da wane hannun?

Talata, 7 ga Mayu

Na sa aka kawo min Shehu gaban aji. Ban ƙirga ba yau. Baya, wuya, ƙafafu, duk inda dorina ta samu. Da ta tsinke na ɗauki rular allo, ita ma ta karye a kafaɗarsa, na koma mari da hannuna har tafina ya mutu. Ina dukansa ina zaginsa, sai daga baya na lura da Hausa nake zagin. Malamin lissafi ne ya riƙe ni ta baya.

Yana durƙushe, hancinsa na zuba, ya ɗago ya ce, "Malama, ke kika ce kar a tashi da shi. Hannuna ba inda ya rage."

Ya buɗe tafukan. Ni na yi musu haka, na sani, amma ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Sun kumbura sun yi baƙi, tsagar farko ta yi ruwa.

Na ce a fitar min da shi. An kore shi sati biyu.

Laraba, 8 ga Mayu

Asibiti. An yi hoto, an yi aiki, an sa ƙarfe a yatsa ɗaya, filasta har gwiwar hannu. Likita ya ce sati shida kafin a cire, riƙe biro kuwa sai abin da Allah ya yi.

Mahaifiyarsa, Hajiya Mabruka, tana zaune bakin gado. Na gaishe ta ba ta amsa ba. Ta tambaye ni ko ni ce mai katakon, na ce ni ce. Ta miƙe a nutse, ta gyara lulluɓinta, ta wanke ni da mari a gaban nas da masu jinya. Wuta na gani. Ni Dije, da ko mijina bai taɓa ɗaga min hannu ba. Hannuna har ya tashi da kansa, na mayar da shi.

Da ta fita alwala na matsa kusa da shi. Na ce don me bai yi ihu ba, ko da Turancin ne, ai ya iya. Ya ce, "I was afraid, ma." Na ce ya yi Hausa, nan ba makaranta ba ce. Ya ce ya san in ya buɗe baki Ummansa zai kira, kuma bai taɓa ɗaukar katakon ba ko sau ɗaya, ba ya so in ga ya ɗauka.

Ban iya cin abinci ba yau.

Asabar, 11 ga Mayu

Isyaku ne ya kawo min labarin. Nasir, yayan Sadiƙ, ya ɗebi abokansa huɗu, suka tare Shehu jiya bayan la'asar wajen Ƙofar Kabuga, ya je kai saƙon babansa. Gora da sarƙar babur. Sun fasa masa kai wuri biyu, haƙori biyu sun zube, suka shimfiɗa hannunsa a kan dakalin wani shago za su sauke masa bulo, Allah ya kawo masu kayan miya suka yi musu ca. A baro aka kai shi kemis, jina-jina.

Isyaku ya zauna yana jujjuya sukundireba a hannu, ya ce shi ma an yi masa katako a aji uku, ko na manta? Na ce to ai ga shi bai kashe ka ba. Ya ce a'a, bai kashe ni ba. Ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Mai unguwa ya shiga maganar, an zauna, an ce jini ya biya jini, kowa ya riƙe nasa. 'Yan sanda sun saki Nasir.

Malam Sule ya zo makaranta da gammonsa a hannu, daga kasuwa yake. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Bai zage ni ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni da Hausarsu ta ƙauye, ya ce kullum da yamma shi yake shafa wa yaron man kaɗanya a tafi, ya ɗauka haka bokon yake, shi bai yi ba balle ya sani. Ya ce ya zo ya karɓi takardun haihuwar yaron, ba zai dawo ba. Na ce jarrabawa fa, an riga an yi masa rajista. Ya ce Malama a bar shi da ransa dai.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na roƙi Malam Auwalu ya rubuta wa masu jarrabawa a ba Sadiƙ wanda zai riƙa rubuta masa yana faɗa. Ya ce sai an yi bayanin yadda hannun ya karye a rubuce, sunan makaranta zai ɓaci, kuma ma lokaci ya ƙure. Na ɗaga murya har masinja ya leƙo. Ya ce in tuna wa ya kawo katakon. Ya kuma ce a ajiye shi tukuna sai ƙura ta lafa. Yana cikin durowata.

Alhamis, 16 ga Mayu

Hagu. Ba wata hanya.

Na je gidansu bayan an tashi. Hajiya ba ta bar ni na wuce soro ba, kuma da ta ji abin da ya kawo ni ta ce ita ɗanta ba bahago ba ne, tun yana yaye ta raba shi da hagu, da ita zai rubuta bisimilla a saman takarda? Mahaifinsa ne ya ce a bari, lalura ce. Aka shimfiɗa mana tabarma a soron, Nasir yana tsaye a ƙofa ya harɗe hannu yana kallona kamar zai cinye ni ɗanya.

Layi huɗu a minti ashirin. Haruffan kamar na ɗan aji ɗaya, suna gangarowa ƙasa. Ya san abin da zai rubuta, duk yana kansa, jimla ba kuskure, hannun ne ba ya bi. Da biron ya suɓuce karo na uku na ji tsawa ta taho min har maƙogwaro. Ya gani. Ya janye kafaɗa ya runtse ido.

Na ɗauko masa biron.

Talata, 21 ga Mayu

Shafi ɗaya a minti arba'in. Ana buƙatar kalma ɗari huɗu da hamsin a wasiƙa kaɗai, ga sauran sassa. Ba na faɗa masa lissafin, shi ma ya iya.

An fara ruwa, soron yana yoyo. Hajiya ta aiko da shayi kofi ɗaya, nasa.

Asabar, 25 ga Mayu

Hagun ma ta kumbura. Na ce ya huta, ya ƙi.

Laraba, 29 ga Mayu

An yi Turanci. Ba a barin malamin darasi ya kusanci zauren, ta tagar ofis nake hango ƙeyarsa. Kowa ya sunkuya yana ta zuba rubutu, shi yana jan biro kamar mai sassaƙa. Kujerar Shehu ba kowa, lambarsa a manne.

Da aka fito na tare shi. Ya ce ya gama wasiƙar, ya taɓa sashe na biyu, na ukun ko buɗe shi bai yi ba aka ce a ajiye biro. Ya ce wasiƙar dai ba kuskure, Malama. Na ce na sani.

Na shiga banɗakin malamai na kulle, na daɗe.

Litinin, 12 ga Agusta

Sakamako ya fito. Ashirin da shida sun samu kiredit a Turanci, ba a taɓa yi ba a makarantar nan. Malam Auwalu har da kiran waya, wai Malama Dije kin fitar da mu.

Sadiƙ D7. Maki kaɗan ya rage. Ba jami'a bana.

Ashirin da shida. Na yi ta nanata lambar ko zan ji daɗinta.

Asabar, 24 ga Agusta

Na shiga Kurmi sayen zaren saƙa. A lungun 'yan tabarma aka ce a ba da hanya, na matsa, sai ga dilar kaya a kan mutum, ta rufe masa rabin fuska. Shehu. Ya rame, tabo ya ratsa girarsa, wuyan nan duk jijiya. Muka haɗa ido. Da kayan a kansa, a tsakiyar kasuwa, ya ƙame ya haɗe ƙafafu.

"Good afternoon, ma."

Ta gurbin haƙoran nan maganar ta fito. Na ce sannu Shehu, ya jiki, ya Baba? Sau biyu na faɗa. Bakinsa ya motsa, yana neman yadda zai amsa min da Turanci, bai samu ba, kuma ya kasa yi da Hausa. Mai kayan ya daka masa tsawa daga gaba, ya wuce.

Na dawo gida ba zaren.

Alhamis, 19 ga Satumba

Sabon aji shida. Sadiƙ ya dawo maimaitawa. Hajiya ta so a canza masa makaranta, shi ya ƙi, ban tambaye shi dalili ba don tsoron amsar nake. Bencin baya ya zaɓa. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, da hagu yake rubutu yanzu, kuma tun da aka dawo ban ji muryarsa ba.

Malam Auwalu ya aiko a tambaye ni yaushe za a fara katako, ƙura ta lafa. Na ce ban gan shi ba, wataƙila masu shara. Sabuwar dorinar da ya saya min tana ofis, kafaɗata ke ciwo kwanan nan, ba wani abu ba.

Wasiƙar neman gurbi muka fara. Na tashi wata yarinya a layin gaba ta karanta tata, ta sa "to" inda "for" ya kamata, ta ji da kanta, ta miƙo min tafin hannu tun ban ce komai ba. Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana ce mata zauna 'yata, bari in nuna miki inda yake shiga. Da Hausa. Na juya allo na yi ta bayani, da Hausar gidanmu ta Jakara, ajin ya yi tsit suna kallon juna, suna jira su ga tarkon.

Daga can baya hannu ya tashi, na daman, mai yatsun. Ya ce, "Malama, don Allah a maimaita, ba su gane ba."

Gajiya ce kawai, na san gobe zan koma daidai.

Na maimaita. Sau uku.